Baƙo a cikin kundi: yadda ake shigo da maganar wani a rubutun bincike

A ƙarshen shekarar karatu, lokacin da masu shagunan fotokwafi na Tawa ke kai dare suna buga kundayen ɗalibai suna ɗaure su, wani ƙanen abokina ya kawo mini nasa domin in duba masa kafin ya miƙa wa malamin da ke kula da aikinsa. Kundin, wanda su ɗalibai ke kira memuwar, ya shafi ci-ranin matasan Adar, wato yankin Tawa a Nijar, zuwa Abijan da Libiya, kuma da gani yaron ya sha karatu, domin da wuya a buɗe shafi ba a tarar da maganar wani masani a ciki ba. A shafi na 14 na ci karo da sakin layi wanda ya fara da jimla ɗaya tasa ta kansa, sai layi shida na maganar wani a cikin alamar zance, sai suna da shekara a cikin baka biyu, daga nan kuma sabon sakin layi ya tashi a kan wani batu dabam. Na tambaye shi ko wane ne mai maganar, da abin da ya sa aka kawo shi wannan wuri. Ya ce, "Yaya, ai maganar ta bayyana kanta." Na sa shi ya karanta ta da ƙarfi, yana kai ƙarshe muka ga ashe mai maganar yana bayani ne a kan wata ƙasa dabam, a wani zamani dabam, kuma rabin abin da ya faɗa yana rushe jimlar da aka kira shi ya tallafa.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a rubutun masu fara bincike, wato a jefo maganar wani cikin shafi kamar an jefa dutse a rijiya, a bar mai karatu ya nemo wa kansa dalilin jefawar. Maganar da aka ɗauko daga bakin wani ko daga littafinsa baƙuwa ce a cikin kundi, marubuci kuwa shi ne mai masauki. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san cewa ba a shigo da baƙo zauren dattawa a zaunar da shi a yi shiru. Mai masauki ne ke faɗin sunansa da garin da ya fito da abin da ke tafe da shi, sannan a ba shi dama ya yi magana, bayan ya gama kuma mai masaukin ya ɗora nasa. Gabatar da magana a rubutun bincike bai wuce haka ba, sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da wuraren da ƙafa ke zamewa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ɗalibin da ke kasa yin wannan a rubutun Faransanci yana yin sa daidai a hirarsa ta yau da kullum ba tare da ya yi tunani ba. Idan ya ce "in ji Malam", ya jingina maganar ga mai ita kuma ya tsaya mata. Idan ya ce "wai an rufe iyaka", ya sanar da mai sauraro cewa ji ya yi, kada a kama shi da ita gobe. Idan ya ce "an ce", ya ɓoye mai maganar ko bai san shi ba. Ƙananan kalmomi ne, amma kowace tana auna nisan da ke tsakanin mai ba da labari da labarin. Wanda ya yi karatun zaure kuma ya ga wannan a tsari mafi tsanani, domin malaman hadisi sun bambanta "ya ba mu hadisi" da "ya ba mu labari", sun kuma bambanta lafazin yankewa, irin "ya ce", da lafazin nuna rauni, irin "an ruwaito", har aka hana amfani da na farko a kan ruwayar da ba ta inganta ba. An san maganar Abdullahi ɗan Mubarak da ke cikin gabatarwar Sahihu Muslim, cewa isnadi, wato jerin sunayen waɗanda suka ruwaito hadisi, yana daga cikin addini, kuma ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malamanmu na da, idan sun ciro magana daga littafin wani, sukan rufe ta da kalmar "intaha" domin a san daidai inda maganarsa ta ƙare tasu ta ci gaba. Saboda haka ƙa'idar ba daga Turai ta zo mana ba, abin da jami'a ta ƙara shi ne shekara da lambar shafi da wasu alamomin rubutu.

Mataki na farko shi ne faɗin mai magana, kuma suna kaɗai ba ya isa a karon farko da aka ambaci mutum. Mai karatu yana buƙatar sanin matsayin da ya ba shi ikon yin magana a kan batun, da lokacin da ya yi ta. Ɗalibin da ke rubutu a kan tarihin wannan yanki, idan ya rubuta "Masanin tarihi ɗan Nijar Djibo Hamani, a bincikensa na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa", ya riga ya shaida wa mai karatu cewa mai maganar ɗan ƙasa ne, masani ne, kuma aikin ya kai shekara hamsin, don haka mai yiwuwa an yi wasu bincike bayansa. A Tawa, inda jami'ar garin ke ɗauke da sunan wannan malami, wani zai ce gabatarwar ba ta da amfani, amma kundi yakan yi tafiyar da mai shi bai yi ba, kuma wanda zai buɗe shi a Dakar ko a Kano ba lalle ne ya san abin da ɗan Tawa ya sani ba. Bayan karon farko, sunan da shekarar sun wadatar.

Wurin da wannan ya fi nauyi shi ne takardun zamanin mulkin mallaka. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Yamai tana cike da rahotannin kwamandojin Faransa a kan garuruwa da sarautu da ƙabilu, haka kuma bayanan tarihi da tawagar jami'in Faransa Tilho ta tattara a lokacin shata iyakar Nijar da Najeriya tsakanin 1906 da 1909 har yanzu ana komawa gare su. Waɗannan takardu suna da amfani ƙwarai, amma wanda ya rubuta su jami'in gwamnatin da ta ci ƙasar da yaƙi ne, yana sauraron mutane ta bakin tafinta, yana kuma rubuta wa na sama da shi abin da zai taimaka wajen karɓar haraji da naɗa sarakuna. Ɗalibin da ya ɗauko jimla daga irin wannan rahoto ya gabatar da ita da "tarihi ya nuna cewa", ya cire wa kwamanda hularsa ya naɗa masa rawanin malami. Idan kuwa ya rubuta "a rahotonsa na shekara kaza, kwamandan da ke mulkin yankin ya bayyana mutanen garin da cewa", mai karatu zai karanta jimlar da idon da ya kamata, zai ga mutanen garin kuma zai ga mai kallonsu.

Daga nan sai aikatau, kalmar da ke tsaye tsakanin sunan mai magana da maganarsa, wadda a ganina ita ce mafi muhimmanci a dukan gabatarwar, kuma ita ce aka fi zaɓa da ka. Ɗalibai da yawa suna sauya ta ne kawai don gudun maimaici, a wannan shafi "ya ce", a na gaba "ya tabbatar", a na gaba "ya yi iƙirari", kamar dai duk abu ɗaya suke nufi. Alhali kowace hukunci ce da marubuci ke yankewa a kan maganar tun kafin mai karatu ya gan ta. "Ya ce" da "ya rubuta" ba su ɗauki ɓangare ba. "Ya nuna" da "ya tabbatar" suna nufin marubuci ya duba hujjar ya gamsu, don haka idan maganar ta fāɗi, tare za su fāɗi. "Yana ganin" da "a ra'ayinsa" suna nufin akwai masu gani dabam. "Ya yi iƙirari" yana nufin marubuci yana da shakka kuma zai zo da dalilinsa nan gaba. "Ya amsa cewa" ko "ya yarda cewa" yana nufin mai maganar ya faɗi abin da bai yi wa matsayinsa daɗi ba. Na ga kundin da aka rubuta cewa wani masani "ya tabbatar" da abu a shafi ɗaya, bayan shafi uku aka rubuta cewa wani masanin "ya tabbatar" da kishiyarsa, kuma marubucin bai lura cewa ya sa hannu a kan takardu biyu masu ƙaryata juna ba. Irin wannan ne malaman juri, wato masu tantance kundin, ke kamawa ranar kare kundi, kuma tambayar da ke biyo baya gajera ce: to kai wanne ka ɗauka? Masu rubutu da Faransanci suna da tarko irin wannan tsakanin affirmer (faɗa da ƙarfi) da démontrer (tabbatarwa da hujja) da prétendre (yin iƙirari), na ƙarshen ma yana ɗauke da zargi wanda ɗalibi kan jefa wa babban malami ba da niyya ba. A rubutun Hausa kuwa, "wai" ita ce ke buƙatar taka-tsantsan, domin a gaban maganar masani takan fito kamar gatse ko raini, ko da marubuci bai nufi haka ba.

Yadda ake haɗa maganar da jimlar marubuci bai da wahala sosai. Ana iya rubuta cikakkiyar jimla mai faɗin abin da za a gani, a sa ruwa biyu, sannan a kawo maganar. Ana iya ɗauko ƴan kalmomi kawai a saƙa su cikin jimlar marubuci, muddin nahawun ya zauna daidai kamar babu ɗinki. Idan maganar ta yi tsawo kuma, sai a ware ta a sakin layi nata, a tura ta ciki kaɗan daga gefen shafi. Akwai tsare-tsaren kawo madogara da jami'o'i ke bi. Tsarin APA, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019, ya sa iyakar a kalma 40, tsarin MLA ya sa ta a abin da ya wuce layi huɗu, a al'adar rubutun Faransanci kuma galibi ana warewa idan an wuce layi uku. Babu wanda ya fi wani tsarki a cikinsu, abin da ake nema shi ne ɗalibi ya tambayi sashensa wanne ake bi, ya riƙe shi daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Haka ma alamar zancen kanta, mu da muka yi karatu da Faransanci mun saba da « », ƴan'uwanmu na Najeriya sun saba da ta Ingilishi, kuma tun da dokar da aka kafa a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wannan tambaya za ta riƙa tasowa ga duk mai son rubuta bincike da Hausa a Nijar. Akwai kuskure ɗaya da ya keɓanta da rubutun Hausa wanda ya kamata a ambata, shi ne cakuɗa zance kai tsaye da zancen da aka juya. Ko dai a rubuta: ya ce, "Na bar gona saboda bashi", ko kuma a rubuta: ya ce ya bar gona saboda bashi, ba tare da alamar zance ba. Wanda ya sa alamar zance a kan siga ta biyu ya sa wa mutum a baki kalmomin da bai furta ba, domin babu mai cewa "ya bar" yana nufin kansa.

Duk abin da ke cikin alamar zance amana ce, harafi da harafi. An yarda a yanke wani ɓangare idan ya yi tsawo, amma sai an sa ɗigo uku a cikin baka mai kusurwa a wurin da aka yanke. An yarda a ƙara kalma don a fayyace wanda "shi" ko "su" ke nufi, ita ma a cikin baka mai kusurwa. Idan akwai kuskure a asalin rubutun, ana barinsa yadda yake a sa kalmar sic, mai nufin "haka yake a asali", a gabansa, kodayake ban ga amfanin yawaita wannan ba, domin wasu suna yin sa ne kawai don nuna sun fi mai maganar iya rubutu. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne yankan da ke juya ma'ana, kuma kowane almajiri ya san misalinsa, wato mai karanta "kada ku kusanci salla" a cikin Suratun Nisa'i ya tsaya nan, ya ƙi ƙarasawa zuwa "alhali kuna cikin maye". Masana sukan kewaye maganarsu da "galibi" da "a wasu wurare" da "sai dai", kuma waɗannan su ne kalmomin da almakashin ɗalibi ya fi so, saboda idan an cire su maganar takan fi ƙarfi. Lambar shafi ita ce ke ba mai karatu damar komawa ya ga abin da aka yanke, shi ya sa maganar da aka ɗauko kai tsaye ba ta tafiya sai da ita.

Bayan baƙo ya gama magana, mai masauki ne ke da bakin ƙarshe. Sakin layin da ya ƙare da maganar wani, ba tare da marubuci ya ce komai a kanta ba, ya bar aikin a rabi. Abin da ake so a nan ya wuce maimaita maganar da wasu kalmomi, wanda shi ne abin da akasari ke biyo bayan "wannan yana nufin cewa". Ana so marubuci ya ɗora yatsa a kan kalmar da ta sa ya kawo maganar, ya faɗi abin da ta ƙara wa hujjarsa, ko inda ta tsaya ba ta kai ba, ko inda abin da ya gani a fagen bincike ya saɓa mata.

Mu a nan muna da wani nau'in magana da littattafan koyar da rubutu na ƙasashen waje ba su cika damuwa da shi ba, wato maganar baka. Yamai ce mazaunin cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968 domin tattara tarihi da harsuna ta hanyar abin da aka gada a baki, kuma yawancin kundayen tarihi da ilimin zamantakewa a ƙasar nan sun dogara ne da hira da dattawa da mata da manoma da makiyaya. Mutumin da aka yi hira da shi a gindin bishiya yana da haƙƙin gabatarwa daidai da farfesa. A faɗi shekarunsa ko da a ƙiyasce, da sana'arsa, da garin da aka yi hirar, da ranar, da harshen da aka yi ta, sunansa kuwa sai da yardarsa, musamman idan batun ya shafi rikicin gona ko sarauta ko bashi. "Wani dattijo ya ce" ba ta gaya wa mai karatu ko dattijon ɗan gidan sarautar da ake magana a kanta ne ko ɗan gidan da aka ƙwace wa ita.

Sai kuma fassara, wadda a nan ne amana ta fi saurin zubewa. An yi hira da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci ko Zabarmanci, an rubuta kundi da Faransanci, an sa alamar zance a kan jimlar Faransanci mai kyau wadda mai maganar bai taɓa furtawa ba. Dole marubuci ya faɗa cewa fassararsa ce, ko ta tafinta, kuma inda kalmar take da nauyi ya kawo ta da harshen asali. A kundin yaron nan na ga misalin da ya isa. Duk inda mutanen da ya yi hira da su suka ce "ci-rani", ya fassara da exode, kalmar da aka saba ji a rediyo da ofisoshi. Amma ci-rani yana ɗauke da lokaci a cikinsa, mutum ya tafi ya ci rani a wani wuri ya dawo kafin shuka, alhali kalmar Faransancin tana ba da hoton ƙaura da watsewar gari. Wasu daga cikin mutanen nasa ma sun bambanta wanda ya tafi ci-rani da wanda "ya zauna can", kuma wannan bambanci, wanda shi ne zuciyar bincikensa, ya ɓace gaba ɗaya a cikin fassarar.

Akwai kuma maganar da ba a gani da ido a littafin mai ita ba, sai a littafin wani. Ɗakunan karatunmu ba su da komai da komai, kuma ba kowane ɗalibi ne zai sami littafin tafiye-tafiyen Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya sauka Agadas a 1850, ya karanta da kansa ba. Babu laifi a ɗauko maganarsa daga wanda ya kawo ta, laifin shi ne a ɓoye tsanin da aka taka. Sai a rubuta cewa Barth ne ya faɗa, kamar yadda wane ya kawo a shafi kaza, domin idan na tsakiyar ya yi kuskure ko ya yanke wani abu, a san inda kuskuren ya shigo. Maganganun da ke yawo a Facebook da WhatsApp da sunan manyan mutane sun fi wannan haɗari. Ko shahararriyar maganar nan ta marubucin Mali Amadou Hampâté Bâ, mai kwatanta mutuwar tsoho a Afirka da ƙonewar ɗakin karatu, wadda asalinta jawabi ne da ya yi a taron UNESCO a 1960, lafazinta yana sauyawa daga littafi zuwa littafi, kuma da wuya ka ga kundin da ya buɗe da ita ya faɗi inda ya samo sigar da ya rubuta.

Da muka koma kan shafi na 14, tambayar da na fara yi wa yaron ita ce ko akwai abin da ke cikin layi shidan nan wanda ba zai iya faɗa da bakinsa ba. Ana ɗauko magana kai tsaye ne idan lafazin kansa shi ne hujja, kamar ma'anar da masani ya ba wata kalma, ko sashen doka, ko baitin waƙa, ko furucin da za a yi jayayya da shi. Adadi da labari da bayani na gama-gari, taƙaita su ake yi a faɗi inda aka samo. Ya sake karantawa sau biyu, ya ja layi a ƙarƙashin kalmomi tara, ya ce su kaɗai yake buƙata. Muka rubuta jimlar da ta faɗi ko wane ne mai maganar da ƙasar da ya yi bincikensa da shekarar, ya cire "ya tabbatar" ya sa "yana ganin", ya saƙa kalmomi taran a ciki, sannan ya ƙara jimla uku nasa yana bayyana cewa abin da masanin ya gani a can ya yi daidai da Adar ta fuskar bashi, amma ya saɓa ta fuskar dawowa gida lokacin damina. Ya ƙirga sauran wuraren da ke buƙatar irin wannan gyara ya sami talatin da ɗaya, ga shi kuma saura kwana tara a rufe karɓar kundaye, sai ya naɗe takardunsa ya ce zai fara da babin hirarraki, tunda faifan muryoyin suna nan a wayarsa.